Tuƙa Ƙaramin Jirgin Sama Don Sha'awa da Mallakarsa a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga bakin 'yan kasuwa da ma'aikata da matasan Sakkwato da kewaye waɗanda suke sha'awar koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama, ko suke tunanin sayen nasu. An fara da na lasisi, sannan na jirgin kansa, sannan na yanayin sararin samaniyarmu, wanda a nan ne maganar ta fi nauyi.

Shin wanda ba soja ba, kuma ba ma'aikacin kamfanin jirage ba, yana da damar tuƙa jirgin sama a Najeriya?

Yana da dama, kuma doka ta tanadi lasisi dominsa, wato lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda masu harkar suke kira PPL. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ita ce take bayar da shi, bisa ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944. Mai wannan lasisi zai iya tashi shi kaɗai, zai kuma iya ɗaukar iyalinsa da abokansa, amma ba a yarda a biya shi ladan tuƙi ba. Namiji da mace duk sharaɗinsu ɗaya ne, kuma Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a ƙasar nan, har shugabancin kwalejin koyon tuƙi ta Zariya ta riƙe.

Waɗanne sharuɗɗa ake cikawa kafin a samu lasisin?

Sai mutum ya kai shekara 17, ya samu takardar lafiya ta aji na biyu, ya ci jarrabawar rubutu, sannan ya ci ta tuƙi tare da mai jarrabawa a cikin jirgi. Darussan rubutun sun haɗa da dokokin sama, ilimin yanayi, gano hanya da taswira, yadda inji da na'urori suke aiki, lissafin nauyi da mai, iyakar jikin ɗan Adam a sama, da maganar rediyo. Da Ingilishi ake magana da hasumiyar filin jirgi, don haka akwai gwajin harshe wanda dole a kai mataki na huɗu a cikinsa.

Mafi ƙarancin tuƙi a ƙa'idar ICAO awa 40 ne, a ciki har da awa 10 da ɗalibi zai tashi shi kaɗai, kuma 5 daga cikinsu na tafiya ne daga gari zuwa gari. Wajibi ne ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ta kai kilomita 270 tare da cikakkiyar sauka a filaye biyu dabam. Kaɗan ne suke gamawa a awa 40 cif. Yawanci ana wuce haka, musamman wanda yake yin dogon hutu tsakanin darasi da darasi.

A ina Basakkwace zai koya?

Wurin da za a fara tunawa shi ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964, kuma matuƙa da injiniyoyin ƙasar nan da yawa can suka fito. Akwai kuma kwalejin koyon tuƙi a Ilorin. Wasu suna tafiya Afirka ta Kudu ko Amurka saboda yawan jirage da malamai, sai dai lasisin waje ba ya aiki kai tsaye a kan jirgi mai rajistar Najeriya har sai NCAA ta inganta shi ko ta sauya shi zuwa nata.

Kafin a biya kuɗi a kowace makaranta, a tabbatar hukumar ƙasar ta amince da ita, a tambayi jirage nawa ne suke tashi a halin yanzu, malamai nawa ne, kuma ɗaliban da suka gabata wata nawa suka ɗauka. Wanda ya koya a ƙasar da ba ta san hazo ba, ya kamata idan ya dawo ya yi wasu awanni da malami na gida kafin ya tashi shi kaɗai. Dalilin yana cikin amsar tambayar hazo.

Mai sa tabarau ko mai hawan jini zai iya cin gwajin lafiya?

Tabarau ba ya hana lasisi muddin gani ya daidaita da shi. Ana gwada ji, da zuciya, da fitsari, da bambance launuka, domin fitilun filin jirgi da na hasumiya ja da kore da fari ne. Hawan jinin da magani ya daidaita sau da yawa ba ya hanawa, amma farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya da ciwon suga mai tsanani suna iya hanawa. Likitan da NCAA ta amince da shi ne kaɗai takardarsa take aiki, kuma wa'adinta yana raguwa idan mutum ya haura shekara 40. Shawara mai kyau ita ce a yi wannan gwaji tun kafin a biya kuɗin makaranta.

Wane irin jirgi ake nufi da ƙarami, kuma mutum nawa yake ɗauka?

Ana nufin mai inji ɗaya da farfela a hanci, mai kujera biyu zuwa huɗu ko shida. Wanda ya fi shahara shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000. Akwai kuma Piper PA-28 da Diamond DA40. Cessna 172 yana tafiyar kimanin kilomita 220 a awa, yana shan mai lita 30 zuwa 35 a awa.

Kujera huɗu ba ta nufin manya huɗu da jakunkunansu. Abin da sabon samfurin wannan jirgi yake iya ɗauka, mai da mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce kilo 400 ba, kuma cikakken tanki na lita 200 shi kaɗai yana cin kilo 144 daga ciki. Saura kimanin kilo 250, wato manya uku da 'yar jaka. Wanda yake so ya ɗauki mutum na huɗu sai ya rage mai, wanda ya rage mai kuma ya rage nisan tafiya. Ana yin wannan lissafi a takarda kafin kowane tashi, tare da duba yadda aka raba nauyin tsakanin gaba da baya, domin jirgin da nauyi ya rinjayi bayansa yana da wuyar sarrafawa.

Wane mai yake sha, kuma ana samunsa a nan?

Ya kamata a amsa wannan tambaya kafin a zaɓi jirgi. Manyan jiragen da suke sauka a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku suna shan Jet A-1, wanda dangin kananzir ne. Yawancin ƙananan jirage masu injin Lycoming ko Continental kuwa wani fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, da ake kira Avgas 100LL, wanda daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma ba kowane fili yake da shi ba. Mai irin wannan jirgi sai ya tanadi nasa a durom, ya nemi izinin ajiye shi, ya kuma tabbatar da man dawowa kafin ya tashi zuwa ko'ina. Zuba Jet A-1 a injin da aka yi domin Avgas yana kashe injin jim kaɗan bayan tashi, shi ya sa matuƙi yake tsayawa da kansa a kan mai zuba mai.

Saboda wannan matsala ne jirage masu injin dizal da suke shan Jet A-1, irin su Diamond DA40 NG, suka fi dacewa da ƙasarmu, kuma kwalejin Zariya ma ta shigo da jiragen Diamond cikin na koyarwarta. Akwai ƙananan jirage masu injin Rotax da suke iya shan fetur na mota, amma sai mai tsabta wanda ya kai ingancin da kamfanin ya gindaya. Fetur na bumburutu ba shi da wuri a tankin jirgi ko kaɗan.

Ana iya tashi a lokacin hazo?

Lasisin PPL na asali na tuƙi da ido ne: matuƙi yana kallon ƙasa da layin da sama ta haɗu da ita, da su yake sanin jirginsa a miƙe yake ko ya karkata. Ƙa'idar gama-gari ita ce gani ya kai kilomita 5. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma akwai ranakun da gani yake faɗuwa ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage masu cikakkun na'urori su fasa sauka.

Hazo yana da yaudarar da gajimare ba shi da ita. Mutum yana iya tsayawa a filin jirgi ya ga kamar gari ya washe, ya tashi, ya tarar a sama ƙasan da ke daidai ƙarƙashinsa kawai yake gani, gabansa kuwa fari fat, babu layin sama babu alamar gari. Idan ido ya rasa abin kamawa, na'urar daidaito da ke cikin kunnen ɗan Adam tana fara ba shi labarin ƙarya, sai ya ji a miƙe yake alhali jirgin yana karkata yana gangarowa, kuma wanda bai samu horon tuƙi da na'ura ba yana iya rasa iko cikin 'yan mintuna. Abin ya fi muni idan ana fuskantar rana da yamma, wato daidai halin wanda yake dawowa Sakkwato daga Kano ko Katsina bayan la'asar. Hazon kuma yana iya sauka a filin da aka baro a washe cikin awa ɗaya ko biyu.

Don haka duk wanda yake da niyyar tashi a wannan yanki da gaske, ya ɗauki ƙarin horon tuƙi da na'ura a matsayin ci gaban karatunsa, ya saba da karanta rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet na filin tashi da na sauka da na wani fili na uku da zai karkata zuwa gare shi. Ko da wannan horo, akwai ranakun hunturu da ƙaramin jirgi ba shi da abin yi sai zama a rumfa. Mafi daɗin lokacin tashi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin da ruwa ya wanke sama, fadamun Rima kuma suna kore shar.

Me zafin bazara yake yi wa jirgi?

Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji yana rasa ƙarfi, farfela tana rasa kamu, fikafikai kuma suna buƙatar ƙarin gudu kafin su ɗaga. Filin jirgin Sakkwato yana kimanin ƙafa 1,000 sama da teku, inda ma'aunin da aka gina littafin jirgi a kansa yake ɗaukar zafi a matsayin digiri 13. A ranar Afrilu da zafi ya kai 43, an haura da digiri 30, kuma kowane digiri yana ƙara kimanin ƙafa 120, sai jirgin ya yi aiki tamkar daga fili mai tsayin ƙafa 4,600 yake tashi. Titin Sakkwato mai tsawon kimanin mita 3,000 ya ishi ƙaramin jirgi ko a haka, amma hawansa bayan tashi zai yi nauyi, injin zai yi zafi, kuma a gajeren titi da cikakken kaya wannan lissafi yana iya zama na rai da mutuwa. A haɗa shi da lissafin nauyi da aka yi bayani a baya. Da rana tsaka kuma zafin ƙasa yana tayar da iska mai girgiza jirgi sosai, shi ya sa tashin bazara na sassafe ne.

Damina fa?

Hadarin damina a nan yawanci daga gabas yake haɗowa, sau da yawa a jere kamar bango, kuma guguwa mai ƙura tana riga ruwan isowa. A ciki da ƙarƙashin irin wannan gajimare akwai iska mai dannowa ƙasa da ƙarfin da ƙaramin jirgi ba zai iya hawa ya rinjaye ta ba. Shawarar da ake koyarwa ita ce a nisanci babban hadari da kimanin kilomita 35, kada a bi ta ƙarƙashinsa, kada kuma a yi tseren sauka da shi.

Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Jirgin Boeing 737 da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da sauran bayin Allah suka rasu a cikinsa, Allah ya jiƙansu, ya faɗi ne jim kaɗan bayan tashi cikin mummunan yanayi, kuma bincike ya danganta haɗarin da sauyin iska na farat ɗaya. Jirgin da bai kai tan ɗaya da rabi ba ya fi wancan rauni nesa ba kusa ba. Wanda jirginsa yake kwana a waje kuma ya ɗaure shi da kyau, domin guguwa tana kifar da ƙaramin jirgi a inda yake ajiye.

Ina mutum zai iya zuwa daga Sakkwato?

A miƙe ta sama, filin jirgin Birnin Kebbi kimanin kilomita 100 ne, wato tafiyar rabin awa; Katsina kimanin 270; Kano kimanin 370, ƙasa da awa biyu; Abuja kusan 490. Kowace tafiya tana farawa da shigar da takardar tsarin tafiya ga hukumar NAMA mai kula da zirga-zirgar sama, da karanta sanarwar da ake fitarwa ga matuƙa, wadda ake kira NOTAM, da tabbatar da lokutan aikin filin da za a sauka. A ajiye man da zai ishi aƙalla minti 30 bayan isa. A yankin da filaye suke da nisa da juna, awa guda ta fi hankali.

Tsaro yana cikin lissafin. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana haramcin shawagin jirage a samaniyar Zamfara, kuma hanyar Katsina da Kano da Abuja duk ta kan jihar take bi ko ta gefenta, ga jiragen yaƙi da suke aiki a yankin, don haka sai an nemi matsayin doka na ranar daga hukuma kafin a zana hanya. Iyakar Nijar ta wajen Illela ba ta kai tafiyar rabin awa ba, kuma tsallaka ta yana buƙatar izinin shiga da sauka da kwastan. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 ma an rufe samaniyar Nijar na wani lokaci. Sauka a gona ko a filin ƙauye ba tare da izini ba ba abin yi ba ne, domin titin jirgi mai zaman kansa ma sai hukuma ta amince da shi. A lokacin jigilar alhazai filin Sakkwato yana cika da manyan jirage, kuma iskar da fikafikansu suke bari a baya tana iya juya ƙaramin jirgi, don haka a bi tazarar da hasumiya ta bayar.

Me ya sa ake nanata a sauka kafin faɗuwar rana?

Domin a nan duhu yana rufewa da sauri bayan magariba, kuma da zarar an bar gari babu fitilun da za su nuna ƙasa, sai matsalar da aka yi bayani a tambayar hazo ta dawo. Tuƙin dare yana da horonsa da izininsa dabam. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba na wancan lokaci, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya yi haɗari da jirgi ƙirar Cessna 208 kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba 2012 yana tuƙi da kansa, kuma rahoton masu bincike ya ambaci ci gaba da tuƙi da ido bayan faɗuwar rana da rashin cancantar tuƙa wannan samfuri a cikin dalilan. Lasisi yana da iyaka a kan irin jirgi da irin yanayi, kuma muƙami ko dukiya ba sa faɗaɗa ta. Matsin taro ko ɗaurin aure da ake so a riska, da nauyin a ce wa manyan baƙi an fasa tafiya, suna daga cikin abubuwan da suka fi tura matuƙa masu zaman kansu cikin haɗari.

Idan injin ya mutu a sama, shi ke nan?

A'a. Jirgin yana ci gaba da shawagi yana gangarowa a hankali, kuma Cessna 172 yana tafiyar kimanin mita 9 gaba a kowace mita ɗaya da ya sauko, wato daga tsayin mita 1,000 yana da kusan kilomita 9 na zaɓen wurin sauka. Ɗalibi yana maimaita wannan atisaye sau da yawa kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Akwai tashar rediyon gaggawa ta 121.5 da lambar 7700 da ake sa wa na'urar da take nuna jirgi ga hasumiya. Ƙarewar mai da ruwa a cikin mai suna cikin manyan dalilan mutuwar inji, shi ya sa ake leƙa tanki da ido, a kuma tsiyayi ɗan mai a duba kafin tashi. A ɗauki ruwan sha mai yawa, domin sauka lafiya a daji cikin bazara farkon wahala ce.

Waɗanne takardu da hidima ke kan mai jirgi?

Shigo da jirgi yana buƙatar amincewar hukumomin sufurin sama da takardun kwastan. Daga nan sai rajista, wadda a Najeriya take farawa da 5N, da takardar shaidar lafiyar jirgi, da inshora, da izinin tashi ba don kasuwanci ba da NCAA take bayarwa, wanda ake kira PNCF. Yin haya da jirgin da yake da wannan izini laifi ne, kuma a 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage a kan haka.

Makanikin mota, komai gwanintarsa, ba ya sa hannu a littafin jirgi. Sai injiniya mai lasisi a kan wannan samfuri. Ana canza baƙin mai kusan kowace awa 50, ana babban dubawa a awa 100 da kuma kowace shekara, injin Lycoming na irin waɗannan jirage kuma ana yi masa garambawul a wajen awa 2,000. Kayan gyara da dala ake sayensu, injiniyan kuma mai yiwuwa daga wani gari za a ɗauko shi. Ƙura tana cin inji, rana tana cin fenti da gilashi da na'urori, saboda haka rumfar ajiya tana cikin kuɗin da ba a gudu. Mai sayen tsohon jirgi ya sa injiniyan da ba na mai sayarwa ba ya duba shi, ya kuma karanta littattafan tarihinsa tun daga farko. Jirgin da littafinsa yake da giɓi, arharsa ba ta da amfani.

To, saye ya fi ko haya?

Inshora da rumfa da dubawar shekara ana biyansu ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba, kuma injin da ya daɗe a ajiye yana tsatsa daga ciki. Idan aka cire ranakun hazo da na hadari da tsakar ranar bazara, awannin da mutum ɗaya zai tashi a shekara ba su da yawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da lasisi, a tara awanni da jirgin makaranta, sannan idan sha'awar ta ɗore, mutum uku ko huɗu masu lasisi su haɗa hannu su sayi ɗaya, da rubutacciyar yarjejeniya a kan kuɗin kowace awa, da asusun garambawul, da yadda wanda yake son fita zai sayar da kasonsa.

Mai azumi zai iya tuƙi?

Hukuncin shari'a na malamai ne. Ta fuskar jiki kuwa, ƙishirwa da yunwa suna rage kaifin tunani da saurin yanke shawara, ɗakin ƙaramin jirgi kuma yana da zafi kuma yawanci babu na'urar sanyaya shi. Gajeren tashi da sassafe, bayan sahur mai kyau da isasshen barci, ya fi aminci. Doguwar tafiya bayan azahar a bar ta sai bayan salla.

Idan mutum ya daɗe bai tashi ba, lasisinsa yana nan?

Lasisin yana tafiya ne tare da takardar lafiya mai rai da sabuntawar da hukuma ta gindaya. Ban da haka, ba a ɗaukar fasinja sai matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce a irin wannan jirgi. A Sakkwato hunturu mai tsanani shi kaɗai yana iya cinye wannan wa'adi, don haka wanda ya yi watanni a ƙasa ya fara komawa wurin malami ya yi awa ɗaya ko biyu, su maimaita sauka cikin iskar gefe da atisayen mutuwar inji, kafin ya sa iyalinsa a kujerun baya.